Jakar da Aka Bari a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ba a bar ni na huta ba a ɗakin malamai. Wannan ta ce, "Malama Binta, ya Nijar?" waccan ta ce, "Ina tsarabarmu?" Madam Rahila kuwa, 'yar Kafanchan da muke koyar da aji biyar tare, cewa ta yi fuskata ta canza, lallai akwai labari. Na raba cuku da aya, na ce lafiya muka je lafiya muka dawo, duk da haka ba su ƙyale ni ba. To ga shi na rubuta. Kowa ta karanta, a bar ni in yi makin jarrabawa.

'Ya'yana biyu. Nura shi ne ƙarami, shekararsa sha biyar. Babbar ta cika sha takwas, ta samu gurbin karatu a jami'a a Sakkwato. Mahaifinsu ya rasu, ni ce uwa ni ce uba a gidanmu na Ƙofar Durbi. Babbar 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Mutane na ce mata Ummi. Wannan ma rubutawa na yi, ba da baki na faɗa ba. Ana yaye ta Hajiya, kakarta, ta ɗauke ta zuwa Batagarawa, can ta girma, ba ta dawo hannuna ba sai da Hajiya ta rasu, lokacin ta fara zama budurwa. Nura yana ce mini Mama, ita tana ce mini Anti. In ina son ta sai in ce "ke", ko in ce wa Nura, "Kira yayarka." Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka aka yi wa uwata. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Ko in ce na ɗauka kowa ya sani.

Wata rana da la'asar ina gyaran zogale Nura ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Mama, kin san Yaya Ummi ta ce in ta tafi Sakkwato ba nan za ta riƙa zuwa hutu ba? Maraɗi za ta riƙa tafiya, wurin Gwaggo. Ta ce ko ta zo ko ba ta zo ba, ke duk ɗaya ne a wurinki."

Na ce, "Tashi ka ɗebo mani ruwa." Yana tashi na ga ashe tsinken nake zubawa a kwano, ganyen a ƙasa.

Gwaggon nan Yaya Hadiza ce, yayar mijina, aure ya kai ta Maraɗi tun ba a haifi yaran ba. Ta daɗe tana cewa mu zo. Sai na ce to, bari mu je kafin a buɗe jami'a. Na faɗa wa yara hutu ne. A raina kuwa cewa nake, 'yan kwanakin nan ba makaranta ba girki, muna wuri ɗaya, ko Allah zai sa bakina ya buɗe. Kuma in ga gidan nan da ke neman raba ni da 'yata.

Da hantsi muka shiga motar Maraɗi mai bi ta Jibiya, don ba mai hankalin da zai bi hanyar nan da duku-duku ko bayan la'asar. Kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Direba ya cusa mu huɗu a kujerar baya: ni, Nura a tsakiya, ita, sai wata tsohuwa mai buhun daddawa da ta rantse ba za a sa mata shi a but ba. Daga fita gari kowa ya zuba wa daji ido. In aka hango babura a gefen daji sai ka ji mota ta ɗauki salati. A wani wuri tayar baya ta yi faci. Muka fito muka tsaya a bakin titi, ba gida gaba ba gida baya, direba na ta fama da jak yana zufa. Idona na kan gonakin gero, hankalina na kan yarinyar nan da ta matsa can gefe tana ɗaukar hoto. Zuciyata na cewa in fizgo ta in sa ta a bayana. Abin da ya fito bakina shi ne, "Nura, ce wa yayarka ta dawo nan." Ta dawo, ba ta dube ni ba.

A boda ba mu sha wahala ba wajen tafiya. Aka duba katunanmu a ɓangarenmu, aka sake dubawa a Ɗan Isa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne direbanmu, wanda tun daga Katsina yake raha da duk wani mai kaki, ana hura masa usur a can sai ya kashe mota ya cire hula. Jandarmomin nan ba su san wasa ba. Hausa ɗaya muke yi da su, amma tasu ba ta da "don Allah" in suna bakin aiki.

Maraɗi kamar Katsina ce da aka sake wa zani. Fuskokin namu ne, sunayen namu ne, amma makaranta "lakwal" ce, malami "mushe", katin shaida "kardante". Burodinsu dogo ne kamar muciya, mai ɓawo, Nura ya gatsa ya ce an sayar mana da na bara. Da rana tsaka gari yakan kwanta kamar an yi shara, kowa ya shige gida sai rana ta yi sanyi. Mijin Yaya Hadiza kuwa tun a zaure ya tare mu da tsokana. "Sannunku da zuwa Katsina," in ji shi. Na ce, "Alhaji, ai daga Katsina muke." Ya ce, "A'a, ku gidan kunka riƙe, mu ne masu gidan. Kakanninmu da sunka taso, da Katsinar sunka taho." Na ce to a ba mu ruwa tukuna, a yi shari'ar daga baya.

Yaya Hadiza ta fito da gudu ko takalmi babu. Ni ta ce mini sannu, Nura ta shafa kansa, ita kuwa ta rungume ta tana juyawa da ita a tsakar gida. "Uwata! Uwata ta kaina! Innata ta dawo!" Tunda sunan mahaifiyarta ne, ita tana da lasisin yin haka. Ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana yaba idonta, tana yaba tsawonta. Yarinyar nan da ba na jin dariyarta a gida sai ta katanga, ga ta tana ƙyalƙyalawa har da hawaye. Na tsaya riƙe da jaka kamar 'yar rakiya. Kishi na ji, ba zan ɓoye muku ba.

An karrama mu, ba laifi. Ɗaki guda aka ba mu, amma zafi ya sa duk gidan a waje ake shimfiɗa, kowa da gidan sauronsa. Furar Maraɗi ta ci sunanta, in an dama ta da kindirmo sai ka manta da tuwo. Mun ci gasassun zabi, mun ci dambu da zogale, mun ci kilishi har haƙorana suka yi ƙara. Shayinsu kuma a ɗan kofin gilashi ake ba ka, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓa na ajiye na ce na gode, ashe zagaye uku ne, kuma tashi kafin na ƙarshe rashin ladabi ne. Na zauna na shanye duka, ranar ko gyangyaɗi ban yi ba.

Sai dai abin da ya kai ni bai samu ba. Duk inda na juya tana gindin Gwaggo. Gwaggo ta yi mata kitso, Gwaggo ta sa mata lalle, Gwaggo ta ɗinka mata atamfa irin ɗinkin can. Sau ɗaya muka haɗu mu biyu a madafa, tana tankaɗe. Na buɗe baki, na shirya magana tun daga Katsina. Na ji kaina ina cewa, "Ke, rariyar nan ta yi miki girma." Ta ce, "To, Anti."

Ana gobe za mu dawo Alhaji ya kai mu tafkin Madarumfa. Masu kwalekwale suka yi caa a kanmu. Ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba na shiga ruwa, amma kafin in yi magana har ta tattare zani ta shiga. Ba ta iya iyo ba, na sani. Jirgin ya yi nisa, iska ta taso, na ga yana tangaɗi, ta miƙe tsaye kuma wai za ta ɗaga mana hannu. Sunan ya taso mini har maƙogwaro. Mutane cike a bakin ruwa, ga Alhaji, ga Yaya Hadiza. Sai na juya na rufe Nura da faɗa, shi da yake tsaye kusa da ni bai yi komai ba. Yaya Hadiza ce ta ƙwala kira, "Uwata, zamna!" Ta zauna. Da suka dawo gaɓa ta tarar ina gyara wa Nura wuyan riga.

Da safe muna haɗa kaya na ga ta ware ƙaramar jakarta baƙa, ta kai ɗakin Gwaggo. Ina ji ta taga tana cewa, "Gwaggo, a ajiye mani nan. In an yi hutun farko daga Sakkwato ta bodar Ƙonni zan biyo, ba sai na ɗauko kaya ba." Yaya Hadiza ta ce, "Gidanki ne." Na zauna a bakin katifa na naɗe zani ɗaya ya fi sau nawa. Na san an gama. Na kawo ta da kuɗin motata na damƙa.

Motar da muka samu ta dawowa ba ta direbanmu na zuwa ba ce, wannan direban bai san mu ba. Muna isa shingen jandarmomi kafin boda aka hura usur, aka ce kowa ya fito da kardante a hannu. Na miƙa nawa, na miƙa na makarantar Nura. Ita ta laluba jakar hannu, ta zazzage ta a kan but, ta sake lalubawa. Babu. Katin yana aljihun baƙar jaka. Cajar wayarta ma tana can, wayar ta mutu tun a tasha.

Mace ce shugabarsu a ranar, doguwa, ba ta kai ni shekaru ba. Ta dubi yarinyar nan sama da ƙasa: kitson Maraɗi, lallen Maraɗi, ɗinkin Maraɗi, ga ƙullin tsaraba a kanta. Ta dube ni, ina riƙe da hannun Nura ina ba shi ruwa. Ta ce, "Madam, wagga ɗiyar wa ce?"

Fasinjoji sun kewaye mu, har da dattawa biyu masu furfura. Bakina ya ba da amsar da ya saba bayarwa shekara da shekaru. Na ce, "Ɗiyar mai gidana ce, marigayi."

Ta juya wurin Nura. "Kai, mi kake ce ma wagga?"

"Mama."

"Ke hwa?"

"Anti."

"Ina uwarki?"

Yarinyar nan ta ce, idonta a ƙasa, "Wadda ta riƙe ni ta rasu."

Ban san iya abin da na ji ba. Ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa ya fi zafi.

Jandarmar ta ce a sauke kayanmu. Ta ce a 'yan kwanakin nan sun sha kama mata masu kwasar 'yan mata daga ƙauyukan Maraɗi suna kai su aikatau Nijeriya, kowace kuma cewa take ɗiyar miji ce ko ɗiyar ƙanwa. Za a mai da yarinya Maraɗi a yi bincike, ni ma in biyo in ina so, amma ba mota ɗaya ba. Na ce a kira Gwaggonta a waya. Ta ce, "Kowa na da gwaggo cikin waya." Direba ya fara sauke buhunmu yana gunaguni, wai rana na yi, shi ba zai kai la'asar a hanyar Jibiya ba saboda mu. Wani saurayin jandarma ya nuna wa yarinyar benci a cikin rumfa. Ta tafi ta zauna, ta haɗa gwiwa. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ta neme ni da ido ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali: tana cikin tsoro, kuma ba ta sa ran komai daga wurina.

Ɗaya daga cikin dattawan ya matso ya ce, "Ranki ya daɗe, ina jin ɗiyar fari ce. Kunya ce irin ta mutanenmu."

Ta ce, "Baba, ni ma Bahaushiya ce, ni ma ɗiyar hwari ce. Na san kunya. Amma masu wagga sana'a su ma sun san ta, bayanta suke ɓoyewa. Kunya ba takarda ba ce." Ta dube ni. "Madam, in ke kinka haihe ta, ga ta nan. Hwaɗi."

Na taka zuwa rumfar. Ina jin idon dattawan nan a bayana, ina jin kamar uwata da Hajiya suna tsaye tare da su. Na tsaya a gabanta.

Na ce, "Sunanta Maimunatu. Ɗiyata ce. Ni na haife ta, a ɗakina, a Ƙofar Durbi, ana ruwan sama."

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa, irin ta aji. Sunan ya yi mini nauyi a baki kamar na ɗauki turmi. Ta ɗago kai a firgice, sai ka ce wani ne ya yi magana ba ni ba.

Jandarmar ta ce, "Suna kowa na iya hardace shi."

Na ce, "To ɗaga kallabinta. Bayan kunnen hagu, ƙarƙashin kitso, akwai tabo kamar ƙaramin lauje. Tana shekara uku ta faɗa kan fasasshen tulu a gidan kakarta a Batagarawa. Ina da tsohon cikin wannan yaron aka zo aka faɗa mani. Ban jira mota ba, a ƙasa na kama hanya har wani mai babur ya tausaya mani. Ban shiga ɗakin da ake ɗinkin ba, surukata na ciki. Bayan taga na tsaya. Riga ja ce a jikinta mai hoton agwagwa, tana ihu tana kiran Hajiya. Ina nan tsaye har ta yi barci."

Matar ta sa yatsa ta ɗaga kallabin, ta karkata kan yarinyar wajen haske. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta mai da kallabin ta gyara mata shi da kanta.

Yarinyar ta ce, da wata ƙaramar murya, "Hajiya ta ce mani ba ki zo ba."

Na ce, "Hajiya ba ta gan ni ba."

Jandarmar ta miƙo mini katunanmu. Ta ce wa direba ya mai da kaya. Da na zo wucewa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tawa uwar har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Ku sauka lahiya." A ɓangarenmu ma an tsayar da mu kan katin, amma da aka tambaye ni na ce ɗiyata ce tun kafin a rufe baki, suka yi mana faɗa suka sallame mu.

Muka koma mota. Da za mu shiga yarinyar ta ce wa Nura, "Matsa can," ta zauna a tsakiya. Mun wuce Jibiya, mun shiga wurin da ake salati, na ji kanta a kafaɗata. Ga dattawan nan kuma suna kujerar gaba. Na ce, "Ke, kin danne mani mayafi." Ta ce, "To, Anti." Ba ta ɗaga ba, ni ma ban ja ba, har muka shigo Katsina.

Bayan magariba Yaya Hadiza ta kira, hankalinta a tashe, ta ga katin. Ta ce, "Binta, akwai direban da ke tahowa gobe. In ciro kardanten in ba shi, jakar ta zamna nan, ko?" Ba ni na ba da ajiya ba. Na miƙa wa mai jaka waya na koma kan tukunyata, ina juya miyar da ba ta bukatar juyi.

Na ji ta ce, "Gwaggo, ina wuni. A'a, lafiya lau. Gwaggo, a ba shi jakar duka."

Madam Rahila, na san abin da za ki tambaya, ke da kike rungume ɗanki na fari a bakin get kina kiran sunansa unguwa na ji. A'a, ban sake faɗa ba. Har yau "ke" ce, ni kuma Anti. Ranar da muka raka ta tashar Sakkwato ma Nura na ce wa ya gaya mata ta riƙa cin abinci. Ta yi dariya ta ce, "Na ji, ai tana kusa."

Jakar ta iso washegarin dawowarmu. Katin kawai ta cire. Sauran kayan ba ta kai ɗakinta ba, ɗakina ta kawo ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce kada a taɓa mata sai ta zo hutu. Kullum in zan yi shara sai na ɗaga ta, in share wurin, in mai da ita.